Kwabon Jamus a Wuyan Iya

A Karantina, unguwar takari a ƙasa mai tsarki, na tashi, cikin ɗaki biyu na katako da kwano. Bayan magariba kakarmu Iya Hassu takan hura gawayi ta soya gyaɗar da za ta sayar gobe. Mu kuwa mu zagaye ta, zufa na tsatsafo mana, tana ba mu tatsuniya.

A wuyanta akwai wani baƙin kwabo hudajje mai hoton gaggafa. Wata rana ƙanwata Zainabu ta ja zaren, ta ce, "Iya, wannan yana sayen alewa?"

Iya ta daɗe tana juya gyaɗa cikin yashi.

"Yau ba tatsuniya. Na yayana Tanko ne."

Faransawa ne suka kwashe shi daga Damagaram zuwa yaƙinsu. Jamusawa suka kama su a wani daji, suka ware baƙaƙe gefe, suka harbe. Tanko da amininsa Ilu aka bari, aka ba su shebur su haƙa rami. Da suka gama, wani soja ya ce mutum ɗaya ya isa rufewa. Ya cilla kwabo sama: gaggafa ta Tanko, lamba ta Ilu. Gaggafa ta fito. Tanko ya mayar da ƙasa a kan amininsa, ya tsinci kwabon cikin laka.

Ya dawo gida, amma bai yi aure ba, bai kuma sake riƙe fartanya ba. Da Iya za ta taho hajji a ƙasa, ya damƙa mata kwabon, ya ce ta jefa shi a teku.

Na ce, "To me ya hana ki, Iya?"

"Har na ɗaga hannu a jirgin ruwan da muka shiga a Sawakin. Sai na ga in ya nutse, halas, shi ke nan, ba mai sake kiran sunan Ilu."

Da na girma na zama direban wani attajiri mai tara kuɗin Jamus na zamanin yaƙi. Yakan jera su cikin gilashi, ya yi wa baƙi bayanin shekara da ƙarfen kowanne. Bai taɓa tambayar hannun da suka ratsa ba, ni ma ban gaya masa ina da ɗaya da Iya ta bar mini ba. A nan na gane ba tsorata mu Iya ta so yi ba, amana ta sauke mana.

Da aka haifa mini ɗa na sa masa Iliyasu. Matata ta tambaya ko wane ne a dangi. Na ce ba danginmu ba ne.