Wayar da aka ƙwace a hanyar Moriki

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba muka bar Ƙaura Namoda, ni da direba, ko shayi ban tsaya sha ba. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sayen hatsi mai rassa a Shinkafi da Zurmi. Ranar Litinin 'yan bindiga suka tare mai kula da sitonmu na Zurmi a hanyar Moriki. Allah ya kuɓutar da shi, amma sun tafi da wayarsa, kuma a cikinta akwai VPN ɗinmu, wato tsohuwar hanyar da ma'aikata ke shiga kwamfutar ofis daga nesa. Kalmar sirri ɗaya ce ga kowa. Wanda ya shiga zai ga komai, har ranar da motocinmu ke tashi da sunayen direbobi. Maigidanmu kuwa ya rantse ba za a rufe ta ba sai an ɗora rassan a kan sabon tsari, don gobe kasuwar Shinkafi.

Hanyar nan ba ta barin mutum ya zauna daidai. Rami, shingen jami'an tsaro, rami kuma. Da muka zo Moriki direba ya kashe rediyo, ni kuma na kama salati. Gero ya yi kyau a gonaki, amma wallahi ba shi nake kallo ba.

A Shinkafi na sayi ƙosai uku naira ɗari, ƙanana kamar an yi wa mai rowa dole. Ina ci ina yi wa ma'aikata bayani: yanzu kowa da wayarsa da fuskarsa zai shiga, kuma abin da ya shafi aikinsa kawai zai gani. Ina ɗaga kai sai ga kalmar sirrinmu a rubuce da alli a bayan ƙofa! Manaja ya ce don kada a manta ne. Surukinsa ma yana da ita, ai ba a hana ɗan'uwa. Sabis ya wahalar da mu, sai da muka hau kan buhunan dawa kafin rajista ta shiga.

Azahar ta wuce muka bi ta Dauran zuwa Zurmi, ina ta duba agogo. Can na tarar da dattijon da aka ƙwace wa waya, ya sayi wata, amma ya ce faufau ba zai nuna mata fuskarsa ba.

“Shekara ashirin makullin siton ga na hannuna,” in ji shi. “Yau ni za a tantance kamar ɓarawo? Mi na yi muku?”

Na ce, “Baba, ba kai ake zargi ba.” Na lallaɓa, na roƙa, ya juya mini ƙeya. Raina ya ɓaci, na buɗe kwamfuta na nuna masa jerin waɗanda suka shiga. Tsohuwar wayarsa ta shiga da safen nan, da sunansa, an buɗe jadawalin motoci.

Ya daɗe yana kallo. Sannan a hankali ya ce, “Motar gobe ƙanena ne zai ja ta.”

Da kansa ya cire hula ya miƙa fuska. Nan take na rufe tsohuwar hanyar, na kira maigida ya ɗage tashin motar, aka canza mata rana da hanya.

Mun shigo Ƙaura kafin magariba, jikina duk ciwo. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mu mutum muka iya yarda da shi, kwamfuta kuwa ba ta san mutum ba, duk wanda ya zo da kalmar sirri Baba ne a wurinta. Sai ranar Asabar hankalina ya kwanta, da dattijon ya kira ni. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, “Ƙanena ya iso.”