Wa Zai Tashi Ladan?

Duk wanda ya girma a wannan lungu na Rafindaɗi, muryar Malam Ɗanjuma ce agogonsa na farko. Shekara talatin da ɗaya yana ladanci a ƙaramin masallacin lungun, ba albashi, ba komai, sai 'yar shadda da sabulu da masu hali kan aiko masa in salla ta zo. Abincinsa a Babbar Kasuwa yake nema, a layin 'yan hatsi, inda yake ɗinke bakin buhu da basilla da igiya. Mutum ne ɗan firit, in ka gan shi sai ka ce iska za ta ɗauke shi, amma in ya ɗora hannu a kunne ya buɗe baki, har bakin titi ana ji. Matan lungun ba su duba agogo. Da kiransa suke ɗora tukunya, da shi suke kora yara makaranta, kuma ba a taɓa cewa ya makara ko ya yi gaggawa ba.

To amma akwai abin da mutane ba su sani ba. Malam Ɗanjuma mutum ne mai nauyin barci, irin wanda ko bango ya faɗi ba zai motsa ba. Matarsa Sabuwa ce ke tashinsa. Kullum ƙarfe huɗu saura kwata sai ta kama babban ɗan yatsan ƙafarsa ta ja, ta ce, "Malam, lokaci." Kalma biyu ke nan, ba ta ƙarawa. Ba ta da agogo, ba ta iya duba shi ba ma. In ya tambaye ta yadda take sani, sai ta ce jikinta ke gaya mata. Shi ake yabo a waje, ita kuwa ta koma ta hura wuta.

Hawan jini ya kwantar da Sabuwa kwana shida, a na bakwai Allah ya karɓi abarsa. Kwana tara bayan jana'iza, Malam Ɗanjuma ya makara. Bai farka ba sai da Liman da kansa ya zo yana buga ƙofar zaure, gari har ya fara haske. Ba wanda ya yi masa faɗa, kowa ya san halin da yake ciki. Wani dattijo dai ya ce cikin wasa, "Malam, yau mu muka kira ka." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma maganar nan ta shige shi, ta zauna daram, ta ƙi fita.

Daga ranar ya fara tsoron barci. Ya kwanta, ido ya fara rufewa, sai ya zabura ya haska agogo: sha ɗaya da rabi. Ya koma, ya sake zabura: sha biyu da kwata. Haka har asuba. Wata biyu yana korar barcin da hannunsa, sai barcin ya yi zuciya ya tafi gaba ɗaya. Yanzu ko ya neme shi ba ya zuwa.

'Yarsa Dije, wadda mijinta ke tuƙin babbar mota zuwa Kudu, ta tattaro kayanta da jaririnta ta dawo gidan don ta kula da shi. Ta sayo masa agogo mai ƙararrawa, ta saita wayarta ta ajiye masa a gefen filo.

"Baba, ga biyu nan. In wannan bai yi ba, wannan zai yi. Don Allah ka kwanta."

"In batir ya mutu fa?"

"To ni zan tashe ka."

Ya kalle ta, mai goyo da ke faɗuwa barci tana cikin ba da nono. Ya ce to. Washegari ta farka huɗu saura biyar, ta ruga ɗakinsa, ta tarar da shi zaune da alwalarsa, yana jira ya ga ko za ta tashi. Nan ta gane ta faɗi jarrabawar.

Sai magani. Kai, jama'a! Ka ce ba ka barci a Katsina ka ga yawan likitoci. Mai shayin bakin masallaci ya ce madara mai ɗumi da zuma, cokali biyu, kada ya kai uku. Wata tsohuwa daga Batagarawa ta aiko da sassaƙe a ƙullin leda, ta ce a jiƙa a sha a yi wanka da sauran, warinsa ya kwana uku a tsakar gida. Aka ce man habbatus sauda a goshi, aka shafa. Aka ce ganyen na'a-na'a, aka dafa. Liman ya rubuta masa rubutu na mako guda, ya tuna masa addu'o'in kwanciya, waɗanda Malam Ɗanjuma ya haddace tun Liman bai yi gemu ba. Wani ɗan kasuwa ma, Allah ya shirye shi, cewa ya yi maganin abin aure ne kawai, ga wata bazawara a layinsu. Duk ya gwada, ban da auren. Goro kaɗai ya ƙi bari, don in ya bar goro da rana ba ya iya riƙe basilla.

Ko da goron ma hannun ya fara cin amanarsa. Sau biyu ya soke tafin hannunsa. Wata rana ya ɗinke buhun gero tsaf, aka ɗaga, ashe ya haɗa da gefen rigar mai kayan. Idanunsa suka faɗa, suka yi ja. Mutumin da ba a taɓa jin ɗaga muryarsa ba sai a kiran salla, ya koma daka wa jikansa tsawa don ya yi kuka. Abu ɗaya ne bai taɓu ba: sau biyar a rana, a kan lokaci, muryar nan tana fita. Da ita yake riƙe, kuma ita kaɗai ta rage masa.

Da kyar Dije ta ja shi asibiti. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Dije ba, amma ta saurare shi har ya gama. Ta ce ya daina goro daga azahar, kada ya kwanta da rana, ya juya fuskar agogon zuwa bango. Ta rubuta wata 'yar farar ƙwaya, ta ce rabi da dare in zai kwanta, mako biyu kacal, sannan ya dawo.

"In na sha, ƙarfe nawa zan tashi?"

"Kamar shida, Baba. In Allah ya so ka samu awa bakwai."

"Shida? To wa zai yi kiran?"

"Ba wani a masallacin? Mako biyu ne fa."

Akwai wani. Akwai Nasiru, malamin firamare, magidanci mai 'ya'ya uku, mai murya mai daɗi, wanda kan karɓa in Malam Ɗanjuma ya yi tafiya. Abin da yake tsoro ke nan. Ya san mutane: in suka ji sabuwar murya mako biyu, ta uku ba za su tambayi tsohuwar ba. Ya karɓi ƙwayar, ya gode, ya zo gida ya tura ta ƙarƙashin katifa.

Azumin shekarar ya faɗo a farkon damina. Ga zafi, ga tarawihi, ga shi ba barci. A rana ta goma sha ɗaya ya tsaya kiran azahar, gari ya juya masa, sai da ya dafa bango. A nan dabara ta zo masa, kuma wallahi a lokacin ya ɗauka dabara ce mai kyau. Likita ta ce da dare. To mi zai hana ya juya abin? Ya haɗiye ƙwayar da sahur, ya je ya yi kiran asuba kafin ta kama shi, ya dawo ya kwanta har azahar. Ba kiran da zai wuce shi, kuma ba wanda zai sani.

Rabin ƙwaya bai yi masa komai ba. Guda ta ba shi awa biyu. A rana ta goma sha biyar ya haɗiye biyu da kunu.

Barcin bai zo da safe yadda ya shirya masa ba. Wuni ya yi kamar an ɗaure masa dutse a ka, yana jin maganar mutane daga nesa. Ya yi kiran azahar, ya yi na la'asar. Bayan an sallame, mutane suka watse, ya jingina da bangon masallaci don ya ja carbi. A nan, bayan wata takwas, barci ya zo masa gaba ɗaya, mai nauyi, irin na zamanin Sabuwa.

Ya farka cikin duhu. Masallaci ba kowa, iska na buga taga, waje ya yi baƙi ƙirin. Ya makara! Magariba ta yi, mutane na zaune da ƙishirwa suna jiransa! Bai duba agogo ba, bai leƙa waje ba. Ya yi tsalle ya buɗe akwatin lasifika, ya ɗora hannu a kunne.

Hadari ne. Hadari ne ya taso daga gabas ya rufe garin, ƙarfe shida da minti ashirin, saura fiye da rabin awa rana ta faɗi.

Maza da ke waje sun duba waya sun yi turus. Amma matan da ke cikin gida, da tsofaffi, da yaran da ke azuminsu na farko suna zaune sun zuba wa kofin ruwa ido, wa zai ce su duba wani abu? Muryar Malam Ɗanjuma ce fa. Suka yi bisimilla suka sha. Ya kai rabin kiran lokacin da Nasiru ya faɗo masallacin ba ko takalmi, ya zare waya daga lasifikar.

"Baba! Baba, lokaci bai yi ba!"

Kamar da gayya, iska ta yaye gefen hadarin, rana ta leƙo ja wur a kan katangar masallaci. Malam Ɗanjuma ya tsaya yana kallonta, hannunsa har yanzu a kunne.

Bayan tarawihi Liman ya yi bayani: duk wanda ya sha ruwa zai rama yini ɗaya bayan salla, babu kaffara, kuskure ne. Gida ashirin da wani abu. Dije ma tana ciki, ta sha, don muryar ubanta ce. Ba wanda ya zage shi, da ma sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Sannu kawai ake yi masa, irin sannun da ake yi wa mara lafiya. Wata yarinya 'yar shekara tara ce kaɗai ta tare shi a hanya, ta ce, "Baba Ladan, ka ɓata mini azumina."

Washegari Liman ya zo gida da dattawa biyu. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi jiki, aka tambayi jika, aka yi wa Sabuwa addu'a. Sannan Liman ya sunkuyar da kai.

"Malam, ka yi wa lungun nan abin da ba mai iya biyanka sai Allah. Mun ga ya kamata ka huta, ka samu barci. Nasiru zai riƙe kafin ka warware."

"Liman, sau ɗaya na yi gaggawa. Cikin shekara talatin da ɗaya."

"Mun sani, Malam."

"Ko asuba kaɗai ku bar mini. Ai ba ni barci, ba zan makara ba."

Dattawan suka kau da kai. Malam Ɗanjuma ya sa hannu a aljihu, ya kwance ɗan makullin akwatin lasifika daga jikin carbinsa, inda Sabuwa ta ɗaure masa shi da baƙin zare. Zaren ya ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori.

Kowa ya ɗauka yanzu zai yi barci, tunda ba abin da zai tashi dominsa. Ina! Salla ta zo ta wuce, damina ta yi nisa, huɗu saura kwata yana zaune a bakin katifa da alwalarsa. Ya ji Nasiru ya kunna lasifika, ya ji ɗan tarin da yake yi kafin ya fara, leɓunansa su bi kiran a hankali har ƙarshe. Sannan ya tafi masallaci ya tsaya a sahu kamar kowa. "Kafin ka warware" ɗin nan, ba wanda ya sake tayar da ita, shi ma bai tambaya ba. Dije ta mayar da shi wurin likita, ya bar goro, ya juya agogo ya kalli bango, ya bi duk abin da aka ce, don yanzu ba shi da dalilin ƙi.

Wata ranar Laraba, bayan an kwana ana ruwa, ya buɗe ido ya ga rana a tsakiyar ɗaki. Kaji na kuka, ana daka a maƙwabta. Dije na tsaye a bakin ƙofa da kofin koko, fuskarta cike da murna, har da ƙwalla.

"Alhamdu lillahi! Baba, ka yi barci! Tun bayan isha'i, ko juyi ba ka yi ba. Ƙarfe takwas fa yanzu!"

Ya tashi zaune a hankali. Jikinsa sakayau, rabon da ya ji haka tun Sabuwa na da rai.

"An yi kira?"

"An yi, Baba."

"An yi salla?"

"Tun ɗazu. Na ga kana barci, na ce wallahi ba mai tashinka."

Ya kalli ƙafarsa.

"Ba wanda ya buga ƙofa?"

"Babu, Baba."

"Ko Liman bai aiko ba?"

"Ba wanda ya zo."

Ya gyaɗa kai. Dije ta miƙa masa kokon, ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe, bai sha ba. Tana murna za ta je ta gaya wa maƙwabta cewa Baba ya warke, shi kuwa hawaye na gangarowa cikin gemunsa suna ɗiga a kofin.