Baƙin Lemo Marar Sukari da Neman Auren Yayana

A shekarar da yayana ya fara gudu ba tare da an koro shi ba, ni kaɗai ce na ji daɗi a gidanmu na unguwar Damba a Gusau. Nakan tsaya bakin taga da sanyin safiya ina kallon farar rigarsa tana ƙanƙancewa a ƙarshen layi, har ta koma kamar balbela ta sauka a fadama. Waƙa ma na rubuta masa, bai taɓa sani ba. Sauran mutanen gida kuwa kallon majinyaci suke masa.

Yaya ya dawo daga bautar ƙasa da ɗan tumbi madaidaici, irin wanda Inna take kira albarka, sai ya ce narkar da shi zai yi. Ya shiga cikin wasu ma'aikata masu gudun dogon zango ranar Asabar, har da maƙwabcinmu ɗan Filato, wanda matarsa ma'aikaciyar jinya ce, duk unguwa Sista muke ce mata. Gudun bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da robobin baƙin lemon nan mai gas, amma wanda babu sukari a ciki. Yaya ya cika firjin Inna da su, ya ture mata kullun koko gefe. Zai fita ya sha, ya dawo ya sha.

"Akwai kafeyin a ciki, Inna," in ji shi. "Shi ne sinadarin da ke cikin goro da gahawa. Yana farkar da jiki, mutum ya daɗe bai gaji ba. Ga shi babu sukari, babu ƙiba. Kimiyya ce."

"In na goro kake so, ga goro nan cikin kwano," in ji Inna. "Mi ak kai ka ga ruwan kwalta?"

Sista ta shigo aron turmi ta tarar da gardamar. Ta ɗauki roba ɗaya ta juya ta, ta ajiye.

"Ba guba ba ne, Mama, kada ki damu. Amma ba abinci ba ne. Kafeyin kaɗan yana taimakon mai gudu, in ya yi yawa zuciya ta yi ta bugu kamar injin niƙa, ciki ya juya. Kuma mai dogon gudu sukari jikinsa yake ƙonawa. Kai kuma, ɗan'uwa, ka zagaye kasuwa ka zaɓo wanda aka cire wa sukarin."

Yaya ya ce shi ya karanta a waya. Sista ta ce ita ma tana da waya. Ba wanda ya riƙe maganarta, domin ta tsaya a tsakiya, gidanmu kuwa ba a son tsakiya. Inna guba take so a ce, Yaya magani yake so a ce.

Ana haka Gwaggo ta zo daga Tsafe, yayar babanmu, mace mai jan haƙori wadda ban taɓa ganin kumatunta babu goro ba. Ta buɗe firji neman ruwa, ta ga baƙaƙen robobi a jere kamar masu zaman makoki. Ta ce in karanta mata abin da aka rubuta. Na ce an ce babu sukari. Ta rufe firjin a hankali. A duniyar Gwaggo mutum iri ɗaya ne yake shan abu babu sukari, ta kuma yi jinyar irinsa, wato marigayi mijinta. Yaya ya shigo gaishe ta, ta bi ƙashin wuyansa da ido.

"Innalillahi. Tun yaushe, ɗana?"

"Tun yaushe me, Gwaggo?"

"Ɓoye min za ku yi? Wagga ramewa na san ta."

Muka yi bayani har baki ya bushe. Ta gyaɗa kai irin na wadda ta yafe mana ƙaryar. Da ta ji batun kafeyin kuma sai ta ƙara tsorata, ta ce an ce yana busar da ƙoda, yana hana barci, yana kama mutum ya kasa bari. Tana faɗa tana ɓara wani goron, na nawa ne tun safe, Allah ya sani.

Labarin ya bi ta Tsafe. Daga can ya hau mota, ya ratsa Gusau bai tsaya gaishe mu ba, ya sauka Bungudu. A Bungudu kuwa yarinyar da Yaya yake nema take, ƙawata tun makaranta, malamar firamare mai dariya ƙasa-ƙasa. Lokacin danginta suna cikin bincike, yadda ake yi kafin a sa rana. Baffanta, ƙanen mahaifinta wanda zai ba da aurenta, ya aika an tambayo halin Yaya. An ce yana salla, yana da aiki, ba ya faɗa. An kuma ce yana ramewa, yana shan lemon masu ciwon sukari, kuma kowace safiya yana gudu babu kowa a bayansa. Sai aka ɗaga sa rana, ba a ce zuwa yaushe ba.

Ƙawata ta kira ni a waya. "Ki gaya wa yayanki ni ban ce ya daina komai ba. Amma Baffa ya ce ba ya ba da ɗiya ta tafi jinya daga lalle. Ko dai ya yi ƙiba, ko ya zo ya yi bayani."

Sista ta huda masa yatsa, na'ura ta ce jininsa lafiya lau. Aka aika wa Gwaggo, ta ce na'ura jini ta gani, ita wuya ta gani. Daga nan Yaya ya yanke shawarar da har yau Inna ba ta son a tuna mata. Ba ƙiba, ba bayani. Da ƙafa zai tafi Bungudu, a guje, shi da abokansa, ya tsaya gaban Baffa ya gaishe shi, ya ga ko mai ciwo yana iya haka.

"Gidan surukai?" in ji Inna. "Mutane na zuwa da babbar riga da turare, kai za ka tai da zuhwa?"

Babbar rigar dai an saka ta a motar Sista, wadda za ta bi su a baya. Ni aka ba wa kula mai ƙanƙara. Inna ta cusa min dabino da gorar kunu ta ce in ɓoye. Yaya bai ci komai ba, ya ce abinci nauyi ne. Lemon ya ninka, tunda ranar babba ce.

Ƙarshen damina ne. Dawa ta yi tsayi a gefen titi, kawunanta sun sunkuya kamar suna sauraron wani abu a ƙasa, gajimare kuma fari fat, an yi masa wanki an shanya. Wasu makiyaya suka tsayar da shanunsu suna kallon ƙattin maza na gudu, shanun ma suka kalla, ban san wanda ya fi mamaki ba. Da farko Yaya kamar an kunna shi. Ya bar kowa a baya. Mijin Sista yana tafe a hankali, ya miƙo hannu a ba shi ayaba da ruwa. Yaya kuwa in ya miƙo hannu lemo yake so, ya kurɓa, ya yi gyatsa mai ƙarfi, ya ɗaga mana babban yatsa. Na ji alfahari ya cika min ƙirji. Na fara haɗa baiti a raina.

Baitin bai kai ƙarshe ba. Muna hango gidajen Bungudu sai tafiyarsa ta canza. Ƙafafu suka fara harɗewa, baki a buɗe, idanu waje, yana ta waiwaye yana neman motarmu. A bayansa kuma ga abokan gudunsa, maza ƙatti, a guje.

Ba wanda ya yi tunanin yadda wannan zai kasance a idon mutumin da ke zaune bakin hanya. Shekarun nan sun koya wa mutanenmu cewa in ka ga babba yana gudu yana waiwaye, ba a tsayawa tambaya. Mai awara ta bar kaskonta a wuta. Mai shayi ya tsallake bencinsa. 'Yan kabu-kabu suka juya baburansu wuri guda kamar an yi musu fito. Ƙofofin shaguna suka fara ƙara. Daga wata majalisa a gindin darbejiya kuma wani dattijo mai jiki ya tashi, ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya shiga titi. Na gane shi, na sha ganinsa a gidan ƙawata. Baffa ne.

Ban taɓa ganin gudu mai kyau irin wannan ba. Mutumin da ba shi da takalmin gudu, ba shi da kimiyya, goro ne kawai a kumatunsa, ya kamo Yaya, ya jera da shi daidai tagar motarmu.

"Su nawa na? Ta ina sunka ɓullo?"

"Baffa... gaisuwa... na zo..."

Baffa bai ji ba, ya riga ya wuce shi. Yaya ya ƙara taku kaɗan, sannan ya zauna a ƙasa a hankali kamar mai shirin tahiya.

Dariya ta kama ni har hawaye. Sai na hango wata mata da goyo tana jan yara biyu cikin dawa, ƙaramin ya faɗi, ta fizge shi ba ta ko duba ba. Nan take na daina dariyar. Sista ta fito tana ɗaga hannu tana ihu, "Motsa jiki ne! Motsa jiki ne, jama'a!" An daɗe kafin garin ya yarda. Wasu da suka dawo, da ba don sun ga Yaya a ƙasa ba, da sun kai shi ƙasan da kansu.

A zauren Baffa aka shimfiɗa shi. Zufa mai sanyi na karyo masa, zuciya na dukan riga ana gani. Sista ta ce sukarin jikinsa ne ya ƙare, ga kafeyin a kan cikin da babu komai. Na fito da dabinon Inna da kunu. Baffa ya shigo da takalmi ƙafa ɗaya, numfashinsa bai gama dawowa ba, ya zauna ya daɗe yana kallon wanda ke neman ɗiyarsu. Sannan ya leƙa cikin gida.

"A damo hura. A zuba sukari, kada a ji tausai. In mai ciwon na, yanzu mu gani."

Sista ta ce, "Baba, ba haka ake gwadawa ba."

"Sannu da ƙoƙari, Sista," in ji Baffa, bai ko juyo ba.

Baƙo ba ya mayar da furar gidan surukai, ko da kimiyya ta hana. Yaya ya kafa kai ya shanye. Duk zauren aka zuba masa ido, ana jira ya mutu. Bai mutu ba. Ya dubi kwanon, ya dubi ƙofa. Aka ƙaro. Kafin azahar ya zauna daram cikin babbar riga yana cin tuwo, ana jin dariyar ƙawata ƙasa-ƙasa daga bayan labule.

Baffa ya ɓara goro ya jefa a baki. "Wanga ba ciwon sukari na ba. Yunwa ta, da ƙarancin hankali. Yunwa muna da maganinta. Ɗayan kuwa ɗiyarmu malama ta, ta saba da yara." Ya kafa sharuɗɗa: ba gudu a ƙasar Bungudu har abada, ba baƙin lemon nan, domin abin da ke cikinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa, ga shaida kowa ya gani. Ya tauna goronsa, ya ƙara da cewa shi ɗazu ya tashi ne ya je ya duba abin da ke faruwa. Duk muka ce haka ne, Baffa, mun gani.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Tumbin ya dawo, ya zo da ƙannensa. Inna ta ce alhamdu lillahi, Gwaggo ta ce ya warke, kuma da ba ta yi magana da wuri ba da an rasa yaron. Takalman gudun yanzu da su yake wanke mota. In ƙawayena suka tambaye ni ko lemon nan yana cutar da mai gudu, nakan ce ni dai abin da na gani, lemon bai ba shi komai ba, bai kuma ƙwace masa komai ba sai karin kumallo. Sauran ɓarnar mu muka yi ta da bakinmu.

Bara Sista ta sake huda masa yatsa. Wannan karon ta ɗaure fuska, ta ce ya rage sukari, ya dinga motsa jiki. Ya koma sayen marar sukarin, amma a gidanmu yake ɓoyewa, bayan kullun koko, yana juyewa a kofin shayi kada labari ya kai Tsafe. Da safe kuma yakan biyo ta layinmu da ƙafa, a hankali, hannu ɗaya a baya, ɗaya riƙe da carbi, don kada hankalin kowa ya tashi. Ina nan bakin taga ina kallonsa. Rigar fara ce har yanzu, sai dai takan daɗe ƙwarai kafin ta ƙanƙance.