Ruwan da Ya Rufe Tsohon Kete

A unguwar University Heights kowa ya san Hajiya Safiatu da kashe wuta. Ko gidan tsofaffin da take yi wa wanka ta shiga, sai ta bi ɗaki-ɗaki tana kashe ƙwan lantarkin da ba a amfani da shi. Ɗanta Fataw, direban tasi a filin jirgin saman JFK, yakan tsokane ta wai rowa ce. Ina rowa ga matar da tukunyarta ke ciyar da rabin bene? Tana ƙarama a ƙasarsu aka gina dam ɗin Akosombo don wutar lantarki, ruwa ya shanye tsohon zangon Kete har da kabarin mahaifiyarta. A gidansu mace ba ta shiga maƙabarta, ɗanta take aikawa ya kai gaisuwa. Ita ga ɗan, babu inda za ta aike shi. Abin yana cin ranta, amma ba ta taɓa faɗa masa ba.

Wata bazara Fataw ya yi hayar RV, motar nan mai gado da kicin, ya ce sai ta huta. Ta yi mita, sannan ta cika firjin da wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan, kamar za a yi yaƙi. Suka yada zango a wurin shaƙatawa na jiha kusa da Niagara. Washegari, don ya burge ta, ya kai ta ganin katafaren dam ɗin da ke can.

Da ta ga ruwan da aka tare, shimfiɗe shiru, sai ta tsaya cak. Ta kama ƙarfen shinge ta ba shi labarin duka, har da bishiyar mangwaron da ke kusa da kabarin. Kunya da tausayi suka kama Fataw, ya ce su koma mota.

"A'a," in ji ta. "Na san ba ruwanmu ba ne. Amma ka gaishe mini da mahaifiyata. Hawawu sunanta."

Fataw ya cire takalmansa a gaban Turawa masu ɗaukar hoto, ya fuskanci ruwan.

"Assalamu alaikum, Kaka Hawawu. Ni ne Fataw, ɗan Safiatu. Mma ce ta aiko ni."

Hajiya ta yi kuka sosai, har ta ji sanyi a ranta. Da magariba Fataw ya miƙa hannu zai kashe fitilar motar kafin ta yi magana. Ta riƙe masa hannu, ta ce yau dai a bar ta.