Bakin Garmar da Ya Kai Ni Kebbe

Mun tashi daga Tambuwal bayan sallar asuba, ni da ƙanena a kan babur ɗinsa, da buhu ɗaure a baya yana ta ƙara kamar mun sato tukwane. Bakunan garma ne a ciki, waɗanda manoman Kebbe suka maido mini.

Sana'ata sassaƙa dayi ce: ƙarfe biyu, na sama da na ƙasa, da ake ɗaura wa injin matsa. A sa farantin ƙarfe a tsakiya, inji ya danna, bakin garma ya faɗo da hujinsa biyu, kowane baki daidai da ɗan'uwansa. Daɗinta ke nan, haɗarinta kuma ke nan. In ka kuskure sau ɗaya, inji zai yi ta maimaita kuskuren har ka kashe shi. Wata ƙungiyar manoma a Kebbe ta yi odar bakuna kafin damina, na buga na aika, sai ga saƙo wai ko ɗaya bai hau garma ba. Ga hadari ya fara haɗuwa.

Hanyar ba ta raga mana ba. Rami na sallamar mu, yashi na karɓar mu. Sau biyu na sauka na tura, ƙanena yana cewa ai ni na ja mana. A wani ƙauye muka sha fura mai sanyi wurin wata Bafulatana. Da ta ji abin da ya fito da mu, ta ƙara mana nono, ta ce mai zuwa ba da haƙuri bai kamata ya isa da yunwa ba.

Na shirya wa faɗa, amma da muka isa Kebbe tabarma aka shimfiɗa mana. Shugaban ƙungiyar ya kai mu maƙerar wani dattijo da ke gyara garmunan garin. Na ciro takardar awona na fara bayani. Ya bar ni har na gaji, sannan ya jawo wata tsohuwar garmar shanu ya ɗora bakina a kai. Huji ɗaya ya hau, ɗayan ya kauce da kamar faɗin ɗan yatsa.

"Ɗana, da wace garma ka auna?"

"Sabuwa na saya a kasuwa, Baba."

Ya yi dariya. "Nan wa ad da sabuwa? Waɗanga tun na uwayenmu na. Mu munka sake musu gindi, hujinmu ya fi faɗi."

Kunya ta rufe ni. Ya bi da ni gida-gida, muka auna garma bayan garma, duk tazararsu ɗaya. Sai ya yanko karan dawa daidai tazarar, ya haɗa mini da wani tsohon baki da ƙasa ta cinye. Ya kuma nuna mini cewa in na ja huji ɗaya ya ɗan yi tsawo, bakin zai hau tsohuwa da sabuwa duka. Shekaruna a wannan aiki, dabarar ba ta taɓa zo mini ba. Na yi masa tayin wani abu, ya ture hannuna.

"Tai ka gyara tun ruwa bai sauka ba. Shi muka so."

Aka cika mu da tuwon dawa da miyar kuka, muka juyo da buhunmu bayan azahar. Kwana huɗu na yi a kan dayin, na sake huda waɗanda aka maido, na aika.

Na gode wa Allah, na gode wa mutanen Kebbe da suka tarbi kuskurena da tabarma. Na koyi cewa ba zan ƙara yanka ƙarfe ba sai na taka zuwa inda zai yi aiki. Jiya shugaban ƙungiyar ya kira ni daga gona, ina jin yana tsawata wa shanu. Ya ce Baba ya ce a gaya mini: "Bakin ya zamna."