Tabo a Kuncin Hagu

Rigimar da ta fi kayar da Injiniya a rayuwarsa, a kan wani ɗan fis na wutar talabijin aka yi ta, abin da bai kai tsawon ƙaramin yatsa ba.

Talabijin ɗin gidansa ce ta kamu da wata cuta da ba a taɓa jin irinta ba. Duk mako lafiyarta ƙalau, ta yi labarai, ta yi ƙwallo, ta yi tallar sabulu har a gaji. Amma ranar Alhamis da yamma, daidai lokacin da za a sa wasan 'yan leƙen asirin nan da ya haukata unguwa, sai ta yi ɗif. Shi kuwa Injiniya, da tun yana saurayi gyaran talabijin ne sana'arsa, sai ya taso da ƙyar, ya leƙa bayanta, ya girgiza kai.

"Tsufa ne," in ji shi. "Sai dai gobe."

Gobe kuwa da sassafe sai ta warke sarai.

Matarsa, da kowa ke kira Tela saboda ɗinkin da take yi, ta zuba masa ido kawai. Sai wata Alhamis, bayan ya fito daga wanka, ta ajiye masa abinci, ta kuma ajiye ɗan fis ɗin a gefen kwano.

"Injiniya, ga maganin mara lafiyarka. A aljihun rigarka na same shi."

"Aljihuna ai cike yake da irinsu. Sana'ata ce."

"Ba na waje ba. Ƙaramin na ciki, wanda ka ce in yi maka saboda 'yan yankan aljihu. Duk faɗin gidan nan ka rasa inda za ka ɓoye wa tela abu sai a ɗinkinta?"

Ya fara kame-kame, wai cirewa yake yi don kada wuta ta ƙona ta. Tela ta jawo mayafinta, ta soma neman takalmi a ƙarƙashin kujera.

"Ba komai, bar ta ta huta. Direba na sama ya ce duk ranar da tamu ta suma in hau. Tasa babba ce, kai ma ka gyara masa ita. Ga shi ya iya dafa shayi."

Direban nan tsohon gwauro ne, mai gashin baki da turaren da ke riga shi saukowa daga bene. Kafin Tela ta gano ɗaya takalmin, talabijin ta tashi tana kiɗa.

Ana cewa kishi na mata ne. Duk wadda ta yarda da wannan, ba ta taɓa yaba wani ƙato a gaban mijinta ba.

Injiniya ba mugun mutum ba ne. Gajere ne, mai ɗan tumbi, sanƙo ya ci masa rabin kai tun 'ya'yansa ba su yi aure sun watse ba. Shagonsa na bakin titi, tsakanin mahauci da mai faci, ɗan ɗaki da kullum ke ƙaurin dalma. Tsofaffin talabijin masu doro jibge har rufi, waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta hanya, don yanzu kowa mai kamar allo yake so, wadda in ta mutu sai dai a yar. A kan teburinsa akwai wani fasasshen kofi da yake zuba noti a ciki, da madubi. Madubin nan shi ne rabin sana'ar. Mai gyara a bayan talabijin yake tsayawa, hannunsa na cikin cikinta, to da wane ido zai ga ko hoto ya dawo? Sai ya jingina madubi a gabanta, yana taɓa waya ta nan, yana kallon fuskarta ta can. Nasa madubin ma na Tela ne, wanda ta zo da shi gidan, ya ara da sunan kwana biyu, har gemunsa ya yi fari bai mayar ba.

Abin da ya fi so a yininsa ba a shago yake ba. In ya koma gida aka ci abinci, Tela kan ture keken ɗinki gefe, ta zauna, ta tallabe haɓa da tafin hannu, ta zuba masa ido. Shi kuma ya shiga ba ta labarin masu kawo gyara: wanda ya zuba wa rediyo man ja don ta daina ƙara, da wadda ta rantse ɓera ne ke canja mata tasha. Rabin labaran ƙari ne, ta kuma sani, amma takan yi dariya har ta share ido da bakin zane. Wannan tallabe haɓar ita ce dukiyarsa. Bai taɓa faɗa ba, don irin mazan nan gara a cire musu haƙori da su faɗi irin wannan.

Sai Mai Tabo ya zo.

Shi ne jarumin wasan. Ba wanda ya damu da sunansa, tabon da ke kuncinsa ya ishi kowa. Jami'i ne da aka tura ya shiga cikin wasu masu fasa-ƙwauri da sunan direbansu, yana ci da su, yana dariya da su, yana kai rahotonsu a ɓoye. Dogo, ba ya yawan magana, in ya ɗaga gira ɗaya sai mata su dafe ƙirji. Unguwa ta rikice. Mahauci ya sayi baƙin tabarau yana yanka nama da shi, har sai da ya kusa haɗawa da yatsansa. Wani sabon ɗan haya da ba ya amsa gaisuwa, nan da nan aka yanke cewa jami'i ne, mutane suka riƙa rage murya in ya gifta, daga baya aka gano bawan Allah kunne ne ba shi da shi. A wurin ɗinkin Tela kuwa, mace za ta zo awon riga, a manta da awo, a shiga musun ko Mai Tabo son 'yar shugaban ɓarayin yake yi da gaske ko aiki ne.

Duk wannan bai dami Injiniya ba. Abin da ya soke shi, ranar da ya shigo falo ya tarar da Tela ta tallabe haɓa, irin tallabewar nan tasa, ta zuba wa akwati ido. Kuma abin bai tsaya a Alhamis ba. Juma'a a tattauna abin da ya faru, Asabar a yi hasashen abin da zai faru. In ya ɗauko labarin mai rediyo, sai ta ce, "Uhm," idonta na kan allura.

Ya gwada dabaru. Ya daina surutu, ya riƙa amsa magana da ɗaga gira, Tela ta tambaye shi ko wani abu ne ya faɗa masa a ido. Ran nan reza ta yanke shi a kunci wajen aski, ya ƙi rufe wurin, ya zauna yana juya mata wannan gefen. Ta duba, ta ɗauko auduga da magani.

"Hannunka ya fara rawa, Injiniya. Ka riƙa zuwa wurin mai aski."

Daga nan ne aka yi ta'asar fis, aka kuma ji yadda ta ƙare.

Bayan wannan kayen, Injiniya ya yi rantsuwa a gaban Tela da ƙanwarta, wadda ke zuwa kallo duk Alhamis, cewa idonsa ba zai taɓa sauka a kan wannan shirmen ba. Manya da hankalinsu, a zauna ana kallon maƙaryaci, wai shi jarumi. Amma falon ma bai yarda ya bar musu ba, musamman da Direba ya fara saukowa da butar shayinsa, wai kallo cikin jama'a ya fi daɗi. Sai ya ce aiki ya yi masa yawa a shago. Duk Alhamis ya kinkimo wata tsohuwar talabijin, ya ɗora a ɗan tebur a lungun falo, ya ajiye kofin notinsa, ya jingina madubinsa, ya juya wa kowa baya. In ƙanwar ta tsokane shi, "Yaya, juyo ka ga kishiyarka ya sa kwat," sai ya ce shi mai sana'a ne, ba ɗan zaman banza ba.

Ba wanda ya taɓa lura cewa talabijin ɗin da yake gyarawa ko jona ta da wuta ba ya yi. Madubi a gaban mai gyara, wa zai kalle shi sau biyu?

Haka aka yi ta tafiya har ranar da wasan ya zo da abin da ba a zata ba. Asirin Mai Tabo ya kusa tonuwa, ɓarayin suka fita da shi cikin mota, aka yanke hoton. Sai ga shugabansa a ofis ya ɗaga waya, murya daga can tana cewa an tsinci gawa a bakin ruwa, dogon mutum, da tabo a kuncin dama. Kiɗa ya tashi, aka tafi talla.

Ƙanwar ta ɗora hannu a ka. Direba ya ajiye kofi yana jan gashin baki. Tela kuwa hawaye ne shar, tana sharewa da bakin zane, bakin zanen da a da dariyar Injiniya kaɗai ke sa a ɗaga shi. Direba ya laluba aljihu, ya fito da wani farin hankici mai ƙamshi, ya fara miƙa mata.

Nan ne Injiniya ya kasa daurewa. Ko juyowa bai yi ba.

"Ki daina ɓarnar hawayenki a kan ƙaton banza. Ba shi ba ne. Tabonsa a hagu yake."

Ƙanwar ta sauke hannu daga ka. "Yaya, me ka ce?"

"Na ce a hagu yake. Wani suka kashe suka yi masa tabo, suka kuma yi shi a inda ba nan ba ne. Ku da kuke zaune kun buɗe baki ba ku lura ba?"

"Injiniya, a dama yake," in ji Direba a hankali, irin muryar da ake yi wa mara lafiya.

"Kai da wa? Mutumin da bahago ne, da hagu yake harbi, da hagu ya mari ɗan shugaban a gareji, agogonsa a dama. Har ka gaya mini inda tabonsa yake?"

"Wane bahago kuma?" in ji ƙanwar. "Kai da ka rantse ba ka kallo, ina ka san an yi mari a gareji?"

Tela ta bar hankicin Direba a hannunsa, ta tashi, ta taka har lungun. Ta dafa kafaɗar mijinta, ta sunkuya har kuncinta ya kusa taɓa nasa, ta duba inda yake dubawa. Ga talabijin ɗinsu tsaf a cikin tsohon madubinta, rubutun tallar sabulu a juye. Daga gefe kuma ga kujerarta, da matashin da take jingina, daidai inda fuskarta ke kasancewa.

Ta miƙe a hankali. Ta ɗago wayar talabijin ɗin da yake gyarawa, ta nuna wa jama'a bakinta da ke lilo, ba a jone da komai ba.

Ƙanwar ta faɗi a kan kujera tana dariya har da tari. "Wayyo cikina. Ashe tare muke kallo, shi nasa ta baya yake shiga."

"Kai dai ka ji kunya," in ji Tela, ta ja kujerar ɗinki ta zauna tana fuskantarsa. "Da furfurarka, kana kishi da mutumin da ke cikin akwati. Ka sace fis, ka yanke kunci, ka yi rantsuwa, ashe kana nan kana leƙe kamar ɓarawon kaji. Me ka fi shi da shi da za ka riƙa zaginsa? Shi ya zauna cikin maƙiya, yana ganin komai, yana jin komai, ransa na ƙuna, bai taɓa nunawa ba. Wannan shi ne namiji. Kai ko fis ka kasa ɓoyewa."

Aka dawo daga talla. Kiɗan wasan ya cika falon, ƙanwar ta ce, "An dawo, an dawo," Direba ya gyara zama. Tela ba ta juya ba. Ta kafa gwiwar hannu a kan teburin gyara, kusa da fasasshen kofin noti, ta tallabe haɓa, tana jiran ta ji ƙaryar da zai ɗauko.

Injiniya ya ga haɓar nan. Ya ajiye sukundireba, ya gyara wuyan riga, bai yi gaggawa ba.

"Naki gwanin, da kwat ɗinsa da bindigarsa, ga shi can ana nemansa a bakin ruwa," in ji shi. "Ni tun farkon abin nan ina zaune a tsakiyarku, ina kallonsa, ina kallonki kina kallonsa, ina kallon hannun Direba da butarsa, ba wanda ya gano ni sai da na ga dama na yi magana. To ki faɗa wa mutanen nan, Tela, tsakanin ni da shi, wane ne ya iya aikin?"