Kekunan da Muka Ɓoye a Gidan Gwaggo

A lokacin ina aji biyu a jami'a, ɗan manomi daga Kademi, ba ni da komai sai son a ce ni ma wani ne. Ni da ɗan baffana, wanda nake kira Yaya, kullum a kan kekunanmu muke zuwa makaranta, amma ba mu taɓa shiga da su ƙofa ba. A gidan wata gwaggonmu muke jingine su, mu wanke ƙafa, mu shafa mai, mu ƙarasa muna taku kamar yanzu muka sauka daga mota. Kusan duk 'yan ƙauyukan Gaya da Ajingi haka suke yi, don kar 'yan birni su samu abin dariya.

Sai wata malama a sashen ƙididdiga ta fara bincike kan yadda ɗalibai ke zuwa makaranta, don a san hanyar da za a sa motar ɗalibai. Ɗalibanta suka tsaya a ƙofa suna ƙirga kekuna, suna tambayar masu shiga. Wadda ta tare mu yarinya ce da na daɗe ina so a raina. Yaya ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, na riga shi, na ce ai a cikin gari muke zaune. Ya kalle ni, muka wuce.

Da aka zuba bayanan a kwamfuta, lissafi ya nuna masu zuwa daga nesa a keke ba su taka kara sun karya ba. Aka kai motar wata hanya daban, ba tamu ba. Malamar ba ta yi kuskure ba, abin da muka ba ta shi ta auna.

Da damina, muna komawa gida ana tsuga ruwa, wata babbar mota ta kwashe Yaya a gaban idona. Ya rayu, amma ƙugunsa ya karye, bai sake taka makaranta ba. Ban ce da na faɗi gaskiya lallai da an ba mu motar ba, Allah ne masani. Amma wallahi abin yana cina har yau.

'Yan'uwa ɗalibai, in an tambaye ku halin da kuke ciki don a taimaka muku, ku faɗa, kunya ba ta kai wannan ba. Ni na gama, har na samu aiki. Yaya bai taɓa tayar min da maganar ba. Duk ranar da na je gaishe shi, daga kan tabarmarsa shi yake fara tambayata ya hanya.